Ƙasar da ba ta kiwon ɓeran gwaji, da 'ya'yanta ake gwaji

Akwai wata magana da ta zama yayi a ƙasar Matamaye, tun daga Kance har iyakar Ɗan Barto: "Mu ba ɓerayen gwaji ba ne." Za ka ji ta a fada wurin shan shayi, za ka ji ta a saƙon murya na WhatsApp, za ka ji ta a bakin uban da aka ce ya kai ɗansa Damagaram a tsotsi kaɗan daga kumburin fuskarsa a auna. Mai faɗinta yakan ɗaga murya kamar wanda ya tsare mutuncin al'umma baki ɗaya. Ni kuwa ina ganin maganar nan tana cin rayukan yara, kuma ƙasar da ta ga sanƙarau a ƙarshen 2022, ta sake ganin mashaƙo a 2023, ba ta da rarar 'ya'yan da za ta zubar saboda magana mai daɗin faɗi.

Babu maganin da ba a gwada shi a jikin wani mai rai ba. Abin tambaya shi ne a jikin wa. Inda ake aiki da ilimi, ɓera ke fara sha, a ƙidaya waɗanda suka mutu da waɗanda suka rayu, a rubuta, wasu masana a wata ƙasa su sake gwadawa su ga ko gaskiya ne, sannan a kusanci ɗan Adam. Inda ba a kiwon ɓeran gwaji kuwa, mai jarka da lasifika a bakin kasuwa shi ne mai binciken, ɗan talaka shi ne ɓeransa, kuma babu mai ƙidaya gawa. Don haka kafin mu ci gaba da zagin ɓeran nan, ya kamata mu san aikin da ya yi mana. Zan ɗauki cuta guda in bi sawunta, wato sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma.

Kowa ya san kaluluwa. In ka ji ciwo a ƙafa sai wani ƙululu ya fito maka a matsematsin cinya, in a hannu ne sai ya fito a hammata. Waɗannan ƙululai sansanoni ne na fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙi da cuta. In yaƙi ya tashi sai su hayayyafa, in ya ƙare sai su lafa. Ranar da wata ƙwaya daga cikinsu ta ƙi lafawa, ta ci gaba da haihuwa ba ƙaƙƙautawa har 'ya'yanta suka cika wuya ko ciki ko muƙamuƙi, to sankarar kaluluwa ke nan. Shekaru da yawa likitoci suna ganinta ba su san abin da ke tayar da ita ba.

A shekarun 1930 wani masani a Amurka mai suna Jacob Furth ya yi ta haɗa ɓeraye 'yan gida ɗaya aure har ya sami wani dangi da ake kira AKR. Abin mamakin dangin nan shi ne mafi yawansu kan kamu da sankarar kaluluwa a ƙirji kafin su wuce shekara guda da haihuwa. Kowa ya ce ai gado ne, aka rufe magana. Sai wani likita ɗan asalin Folan, Ludwik Gross, wanda ya tsere wa yaƙin Hitila ya sami aiki a wani asibitin tsofaffin sojoji a birnin New York, ya ƙi yarda. A 1951 ya niƙa naman ɓerayen da suka kamu, ya tace ruwan da matata mai ƙananan ƙofofi wadda ko ƙwayar sankara guda ba za ta iya ratsawa ba, ya yi wa jariran ɓeraye na wani dangi dabam allurarsa, dangin da ba a san su da wannan ciwo ba. Bayan watanni suka kamu. Ma'ana akwai wani abu ƙarami ƙwarai a cikin ruwan, ƙwayar bairos, wadda ke haddasa ciwon. Manyan masana suka yi masa dariya shekara da shekaru. Sai Charlotte Friend ta sami wata irin bairos ɗin a 1957, John Moloney ya sami tasa a 1960, dariya ta koma ciki. A 1974 aka ba Gross lambar yabo ta Lasker, ɗaya daga cikin mafi girma a fagen likitanci.

Yaya ƙwayar cuta ke mai da sojan jiki ɗan tawaye? Amsar ta fito a 1970. A cikin kowace ƙwayar jikin mutum ko ɓera akwai littafin gado, wanda masana ke kira DNA, a ciki aka rubuta umarnin yadda za ta girma, ta haihu, ta tsaya, ta mutu. Howard Temin da David Baltimore, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano cewa irin wannan bairos tana zuwa da nata magatakarda. Da ta shiga ƙwaya sai magatakardan ya kwafe saƙonta da irin rubutun littafin gado, a cusa shafin a tsakiyar littafin, ya zauna har abada. Baltimore da bairos ɗin sankarar ɓera ya fara ganin haka. Saboda wannan kwafi na baibai ake kiran dangin retirobairos, kuma a 1975 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel. Shafin kan faɗa ko'ina a cikin littafin. In ya faɗa inda ba kome, lafiya lau. In ya faɗa kusa da umarnin da ke cewa "hayayyafa", sai ya zama kamar totur ɗin kabu-kabu da ya maƙale a sama. Shi ya sa ciwon ke ɗaukar watanni kafin ya bayyana a ɓera: sai shafi ya faɗa a mugun wuri, sannan wata ɓarna ta biyu da ta uku su biyo baya, birki ma ya tsinke.

Na san wani zai ce, to ina ruwan mutumin Matamaye da ƙirjin ɓeran Amurka? Ruwansa ya kai har wuya. Da dabarun da aka koya a jikin ɓera aka shiga farautar irin wannan bairos a jikin ɗan Adam. A 1980 ɗakin binciken Robert Gallo ya kama ta farko, HTLV-1, wadda ke jawo wata muguwar sankarar jini da kaluluwa ga kaɗan daga cikin masu ɗauke da ita bayan shekaru masu yawa, kuma Afirka ta Yamma na cikin yankunan da take. A 1983, a Cibiyar Pasteur da ke Faris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka auna kaluluwar wuyan wani majinyaci, suka ga alamar magatakardan nan da Temin da Baltimore suka gano. Ta haka aka kama ƙwayar sida, wadda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira ƙanjamau. Da ba a san magatakardan daga ɓera ba, da ba a san abin da za a nema ba. Ita ma sida, in ta karya garkuwar jiki, tana buɗe wa sankarar kaluluwa ƙofa.

Maganin ma ta nan ya biyo. An haɗa AZT a 1964 da niyyar ya kashe sankara, bai yi ba, aka jefa shi a kwandon mantuwa. A 1974 wani masani a Jamus, Wolfram Ostertag, ya nuna cewa yana hana bairos ɗin Friend, ta ɓera, hayayyafa. Da sida ta ɓarke, kamfanin da ke neman magani ya fara tantance sinadaransa a kan bairos ɗin ɓera, AZT ya fito zakara, a 1987 ya zama maganin sida na farko da aka amince da shi. A 1994 aka tabbatar yana rage yaɗuwar cutar daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Duk matar da ke zuwa awon ciki a Matamaye aka ɗebi jininta, duk jaririn da aka haifa lafiya alhali uwarsa na ɗauke da ƙwayar, to akwai hannun ɓeran nan a ciki. Haka kuma a 1970 Herbert Abelson ya sami wata bairos a jikin ɓeran da ya kamu da sankarar kaluluwa. Umarnin gadon da aka gano a cikinta, wanda aka sa wa suna ABL, shi ne aka tarar ya lalace a wata sankarar jini ta mutane, kuma shi aka auna aka haɗa ƙwayar imatinib, wadda ta fito a 2001 ta mai da wannan ciwo abin da ake rayuwa da shi shekaru.

Yanzu mu dawo gida, ga ciwon da ya fi shafar yaranmu. A 1958 wani likitan tiyata ɗan Ailan, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya ba da labarin wani kumburi da ke kama muƙamuƙin yara ko cikinsu, yana girma kamar ana hura shi. Sankarar kaluluwa ce, kuma sunansa take ɗauke da shi har yau. Da ya bi taswirar inda take, sai aka ga tana bin sawun zazzaɓin cizon sauro a faɗin Afirka. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wata bairos a cikin ƙwayoyin wannan sankara. Kada a ruɗe, wannan bairos ba 'yar gidan retirobairos ba ce, danginta dabam, kuma kusan kowane babban mutum a duniya na ɗauke da ita ba tare da ta yi masa kome ba. Amma ƙarfin halin neman bairos a cikin sankarar mutum daga aikin Gross da ɓerayensa aka samo shi. Afirka ma ba 'yar kallo ba ce a wannan aiki. A Ibadan, a 1963, aka raya ƙwayoyin sankarar wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11 a cikin kwalba, kuma har gobe ana bincike da zuriyarsu a ɗakunan gwaji na duniya. A Ibadan ɗin ne kuma Victor Ngu, likita ɗan Kamaru, ya yi aikin warkar da yara da allura wanda ya sa aka ba shi lambar Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu.

Saura a san abin da ke maƙale totur a jikin waɗannan yara. A 1982 aka gano cewa a sankarar Burkitt wani umarnin hayayyafa mai suna MYC kan tsinke daga mazauninsa ya koma kusa da sashen da sojan jini ke aiki da shi dare da rana. Shi kansa MYC a cikin retirobairos ta kaji aka fara saninsa. Don a tabbatar shi ne mai laifin, a 1985 masana a Melbon ta Ostareliya da abokan aikinsu na Amurka suka ƙirƙiro ɓeraye masu irin wannan lahani, ɓerayen kuwa suka kamu da sankarar kaluluwa. A 1991 aka sa wa irin waɗannan ɓeraye bairos ɗin Moloney, ciwon ya zo da gaggawa, aka bi inda shafukan bairos suka faɗa aka kama sauran abokan ɓarnar MYC ɗaya bayan ɗaya. A 2015 kuma, a Jami'ar Rockefeller, aka sa wa ɓeraye zazzaɓin cizon sauro mai daɗewa, aka ga yadda yake tilasta wa sojojin jini hayayyafa ba hutu har littafin gadonsu ya riƙa yagewa. Ga fassararsa da Hausar gida: yaron da ke kwana ba gidan sauro, masassara na kayar da shi kowace damina, yana cikin haɗarin da ya wuce masassarar. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida wa 'yan wata 3 zuwa 59 lokacin damina, wanda wasu iyaye ke karɓa su jefa bayan tukunya, yana da amfanin da ya fi wanda aka gaya musu.

Sankarar Burkitt na cikin mafi saurin girma da aka sani a jikin ɗan Adam, tana iya ninka kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta fi kama yara daga wajen shekara 4 zuwa 14, maza sun fi mata. Kunci ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi ba dalili, ido ya turo, ko ciki ya yi tauri ya cika. A ƙauye sai a ce hangum ne, in ya wuce mako biyu a ce haƙori ne, in ya ci fuska a ce daji ne ko sammu. Daga nan sai a fito da dokar da ba a san wanda ya kafa ta ba: wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙaryar da ta binne yara da yawa. Saurin girman ciwon nan shi ne rauninsa, domin allurar sankara ta fi kama ƙwayar da ke cikin haihuwa. Yaron da aka kawo da wuri, kumburinsa kan fara narkewa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke sa a ga kamar allura ce ta kashe shi ne sai ciwo ya gama cin jiki, an sayar da akuya an kai wa masu turare da rubutu, sannan a kawo yaro asibiti yana numfashi sama-sama. In ya cika a ce ga shi nan, mun faɗa.

Allurar ma ɓera ne ya fara shan ta. A 1942, a Jami'ar Yale, Alfred Gilman da Louis Goodman suka gwada wani sinadari a kan ɓera mai sankarar kaluluwa, ƙullutun ya narke, sannan aka gwada a kan mutum. Daga zuriyar wannan sinadari aka sami cyclophosphamide, ginshiƙin maganin Burkitt har yau. A shekarun 1960 Howard Skipper ya nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayar sankarar jini guda tak, in ta tsira, ta isa ta dawo ta kashe. Wannan darasi ne ga uban da ya ga kumburi ya sace bayan allura biyu sai ya ɗauke ɗansa ya koma gona. Ganin ido ya ce an warke, ɓeran Skipper ya ce da saura. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa ba sa kai kashi 30. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kai wa kashi 60 kafin 2030, ta kuma sa Burkitt cikin cututtuka shida da za a fara da su, don an san ana iya warkar da ita da kuɗi kaɗan.

Ba na cewa tsoron mutanenmu ba shi da tushe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na nan, kuma ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Amma mu duba da kyau abin da ya ba da ƙofa. Baƙo ya zo da maganinsa da likitocinsa da takardunsa, ya tarar da masu gida cikin annoba, ba su da ƙarfin da za su tsayar da shi su ce kawo mu auna, nuna mana abin da ya yi wa dabba, ga sharuɗɗanmu. Maganin irin wannan cin amana shi ne mu mallaki masana da ɗakunan gwaji da kwamitin ɗa'a mai haƙora. Wanda ya ce maganinsa shi ne a guji asibiti, ya bar ƙofar a buɗe ya kuma ƙara da kashe fitila.

Ba na cewa kuma ɓera mutum ne, ko masana ba sa kuskure. A asibitin Necker na Faris, wajen shekarar 2000, an yi amfani da bairos ɗin sankarar ɓera da aka cire wa dafi don kai gyararren umarnin gado cikin jikin jariran da aka haifa ba garkuwa. Yawancinsu suka sami lafiya. Daga 2002 sai huɗu daga cikinsu suka kamu da sankarar jini, ɗaya ya rasu, domin shafin ya faɗa kusa da umarnin hayayyafa, daidai yadda yake yi a ɓera. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: aka dakatar da aikin, aka buga sakamakon duniya ta karanta, aka gano inda shafin ya faɗa, aka sake ƙera abin ɗaukar saƙon. Yanzu a nuna mini mai maganin kasuwa guda da ya taɓa tsayawa da lasifikarsa ya ce jama'a, cikin mutum goma da suka sha jarkata huɗu sun lalace, na dakata.

Masu maganin gargajiya za su ce ina yi musu ƙiyayya. Ko kusa. Vincristine, ɗaya daga cikin alluran da ake yi wa yaro mai Burkitt, daga wani fure na Madagaska aka samo shi, furen da mutanen gargajiya ke sha don ciwon sukari. Da aka kai shi ɗakin gwaji a shekarun 1950 sai dabba ta nuna bai iya sukari ba, fararen ƙwayoyin jini yake karyawa, aka gwada a kan ɓeraye masu sankarar jini ya yi aiki. Maganin masassarar da ake ba mu a asibiti yau daga wani jinsin tazargade na ƙasar Sin ya fito, kuma sai da Tu Youyou ta gwada shi a kan ɓeraye masu zazzaɓi a 1971 kafin a ba mutum, aikin da ya kai ta ga Nobel a 2015. Wa ya san abin da ke cikin saiwoyin dajin Damagaram? Mai saiwar da ya yarda da saiwarsa ya kawo ta a ba ɓera. Wanda ya ƙi, ya ce shi sirrin kakanni ne amma a kawo masa yaro da jika hamsin, to ya gaya mana da bakinsa wanda yake gwaji da shi. Gidajen rediyon da ke sayar masa da lokaci yana shelar yana warkar da daji da sida cikin kwana bakwai, su ma suna da kaso a cikin alhakin.

Sai dai babban laifin ba na talaka ba ne. Uban da ya yarda zai kai ɗansa asibiti, me ke gabansa? Daga Matamaye zuwa Damagaram kilomita 80 da 'yan kai. In aka ce sai Yamai, inda Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa take, wadda sai a 2021 ta fara gashin sankara da na'ura, to kusan kilomita 900 ne daga Damagaram, ga kuɗin mota, ga abinci, ga wurin kwana na watanni, ga gona ba mai nome ta. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, ta Ɗan Barto da Daura, kuma mutanenmu sun saba bin wannan hanya, amma kowa ya ga abin da ya faru da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar. Madalla. Amma Burkitt ta fi kama yaron da ya riga ya haye wannan shekara. Ciwon da ke ninka kansa cikin kwana biyu ba ya jiran a sayar da gyaɗa.

Kullum ana yi mana wa'azin 'yancin kai da dogaro da kai, kuma ba wanda ya ƙi. To amma 'yancin da bai kai ga na'urar duba ƙwayar cuta ba, rabinsa na hannun wani. Tun 1980, a Legas, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don kimiyya da bincike. A 2001, a Abuja, suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. A jihar nan tamu matatar mai ta SORAZ take aiki tun 2011. Muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram mai sashen koyon likitanci, muna da Babban Asibitin Ƙasa a garin, muna da cibiyar bincike ta CERMES a Yamai. Ƙasar da ta haifi Abdou Moumouni, wanda ya yi fice a binciken hasken rana tun duniya ba ta waye da shi ba, ba za a ce 'ya'yanta ba su da kai ba. Gross a ɗan ƙaramin ɗaki ya yi aikinsa, da keji da sirinji da matata da haƙuri. Kuɗin motar alfarma guda ta babban jami'i ya isa ya gina ɗakin kiwon ɓeraye ya ciyar da su shekaru. Masu cewa ai tausayi ya hana, su tuna da gubar da muke zuba wa ɓera a rumbu kowace kaka ba wanda ya ɗaga gira. Na ɗakin gwaji aƙalla akwai dokar da ta hana a azabtar da shi, kuma mutuwarsa na da amfani.

Abin da ya kamata mu nema a wurin mahukunta, da sarakuna, da 'yan bokon ƙasar Kance da ke Yamai da ƙasashen waje, ba shi da yawa. A koya wa kowane ma'aikacin asibitin karkara cewa kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ya wuce mako biyu a jikin yaro, da haƙoran da ke girgiɗi ba dalili, abin turawa gaba ne a ranar, ba abin ba da ƙwayar kashe zafi ba. A tsara yadda abin da aka tsotsa daga kumburin yaro a Matamaye zai je Damagaram sakamako ya dawo cikin mako guda. A ɗauke wa iyayen yaro mai sankara kuɗin awo da magani da mota da abinci har ya kai shekara 15, a kuma kawo allurar kusa, yadda ba sai an tsallaka ƙasa ba. A ba jami'ar Damagaram ɗakin gwaji na gaske da dabbobinsa, a buɗe ƙofarsa ga masu saiwa. Hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai ta hana tallar warkar da daji da sida ga duk wanda bai kawo shaidar gwaji ba.

Malamanmu kuma, ku ne ake ji. Addini ya umarce mu da neman magani, bai ce a nemi wanda aka fi jin amonsa a kasuwa ba. Huɗubar Juma'a guda a kan cewa allura ba ta fusata daji za ta ceci yaran da likita goma ba za su kai gare su ba. Iyaye, ku rataya gidan sauro, ku ba yara maganin damina har ƙwayar ƙarshe, in fuskar yaro ta fara sauyawa ku tashi tun ana ganin hanya, in an fara allura kada ku ɗauke shi sai likita ya sallame ku. Duk wanda kuma ya sake ce muku mu ba ɓerayen gwaji ba ne, ku ce masa gaskiya ne, sannan ku tambaye shi a jikin wa aka gwada abin da ke cikin jarkarsa, nawa suka sha, nawa suka tashi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon jin kukan da ba ya kai wa Yamai.